Yaren Klingon da tarihin neman kalmar kusurwa

 Yau tarihin wani yare za mu bi, yaren da ba shi da ƙasa a duniyar nan, ba shi da kakanni, kuma mun san shekarar da aka soma shi da sunan mutumin da ya gina shi. Shi ne yaren Klingon, wanda masu shi ke kira tlhIngan Hol. Za mu shiga labarin ta wata 'yar ƙaramar ƙofa, wato kalmomin lissafin siffofi, irin su kusurwa da da'ira da alwatika da murabba'i.

Bari in fara da misali. Ka ɗauka ka iya wani yare sosai. Kana iya ba da umarnin a harba makami, kana iya zagin abokin gaba, kana iya rantsuwa da mutuncin gidanku. Amma ka rasa yadda za ka ce wa yaro ya ajiye tsintsiya a kusurwar ɗaki, domin kalmar kusurwa babu ita. Kuma ba ka da damar ƙirƙiro ta da kanka, dole ka jira wani mutum guda a Amurka ya ba ka. To, wannan hali shi ne masu magana da Klingon suka zauna a ciki shekara da shekaru. Tambayar da za mu bi a yau ita ce, wa ke da ikon sanya wa abu suna a cikin yare, kuma me ke faruwa idan ikon nan yana hannun mutum ɗaya?

Mu koma farko. A shekarar 1966 aka fara nuna wani wasan talabijin a Amurka mai suna Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙira, labarin wani jirgin sama jannati da ke yawo tsakanin taurari. A 1967 marubuci Gene L. Coon ya shigo da wasu halittu mayaƙa da ake kira Klingon a matsayin abokan gaba. A wancan lokacin Turanci suke yi kamar kowa. Sai a fim ɗin farko na 1979 aka ji su suna magana da harshensu, kuma 'yan kalmomi ne ƙalilan waɗanda ɗan wasa James Doohan da Jon Povill suka haɗa, shi kuma Mark Lenard ya furta su a matsayin kwamandan jirgi. Ba nahawu, ba ƙamus. Sauti ne kawai mai kaushi da zai sa mai kallo ya ji cewa waɗannan ba mutane ba ne.

Wanda ya mai da wannan sauti ya zama yare shi ne Marc Okrand, masanin kimiyyar harshe da aka haifa a 1948. Ku riƙe wannan bayanin, domin zai dawo mana: digirinsa na uku a jami'ar Berkeley ya yi shi ne a kan nahawun Mutsun, wani yaren 'yan asalin Kalifoniya wanda mace ta ƙarshe da ta iya shi sosai, Ascensión Solórsano, ta rasu tun 1930. Kenan Okrand bai taɓa zama da mai yaren ba. Daga rubuce-rubucen da wasu masana suka bari ya tattaro dokokinsa. Bayan karatu ya kama aikin rubuta maganganun talabijin a ƙasan allo saboda kurame. A 1982 kamfanin Paramount ya neme shi ya haɗa 'yan jimloli na yaren Vulcan a fim na biyu, daga nan aka sake kiransa ya gina Klingon gaba ɗaya don fim na uku, wanda ya fito a 1984.

Okrand ya yi aikin da gangan don yaren ya zama baƙo a kunnen ɗan Adam. Ya juya tsarin jimla: abin da aka aikata wa shi ke fara zuwa, sai aikatau, sai mai aikatawa a ƙarshe. Inda Bahaushe zai ce Audu ya ga jirgi, shi Klingon zai jera su kamar jirgi, gani, Audu. Yarukan duniya da ke bin wannan tsari 'yan kaɗan ne ƙwarai. A rubutu kuwa, babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne, q daban Q daban. Sannan akwai alamar nan ta ɗauri da za ku riƙa gani a kalmomin da zan kawo. Wannan kam ba baƙuwa ba ce gare mu, irin tsayawar maƙogwaro ce da muke yi a jama'a ko da'ira.

A 1985 aka buga ƙamus ɗin, The Klingon Dictionary, kalmominsa ba su kai dubu biyu ba. To a nan ne labarinmu na kusurwa ya fara. Idan ka buɗe wannan ƙamus kana neman kalmomin siffa da wuri, abin da za ka tarar kusan duk kayan aikin matuƙin jirgin yaƙi ne. Akwai Quv, wato lambobin da ke nuna inda abu yake a sararin samaniya. Akwai He, hanyar da jirgi ya dosa. Akwai chuq, tazara ko nisan da makami zai kai. Akwai DoS, abin da aka auna za a harba. Akwai qelI'qam, ma'aunin nisa da ya kai kimanin kilomita biyu. Akwai Don, aikatau mai nufin tafiya kafaɗa da kafaɗa da wani abu ba tare da an haɗu ba. Akwai Dung da bIng, sama da ƙasa, da poS da nIH, hagu da dama. A siffofi kuwa akwai gho, da'ira.

Kusurwa fa? Sunanta babu. Alwatika babu, murabba'i babu. Amma abin dariya, akwai wani aikatau, taH, wanda ma'anarsa ita ce abu ya karkata ƙasa da layin daidai, irin karkatar da jirgi ke yi idan ya sunkuyar da hanci. Kun gani ko? Yaren ya san yadda zai ce jirgi ya karkata, amma bai san sunan kusurwar da karkatar ta haifar ba. Dalili a fili yake. An yi yaren ne don biyan buƙatar fim, kuma a fim ɗin ba wani Klingon da ya zauna aji yana zana alwatika a allo. Abin da marubucin fim ya sa a bakinsu, shi Okrand ya fassara, sannan ya ƙara wasu kalmomin don ƙamus ya cika.

Wannan taH ɗin ta sake samun wani tarihin. A fim na shida, a 1991, an buƙaci wani janar ɗin Klingon ya furta shahararren layin nan na wasan Hamlet na Shakespeare, wanda aka gina a kan aikatau na kasancewa. Matsalar ita ce Okrand tun farko ya yanke cewa Klingon ba shi da irin wannan aikatau. Ya fara kawo kalmar da ke nufin rayuwa, ɗan wasan, Christopher Plummer, ya ce bai ji ta yi masa ƙarfin Klingon ba. Sai Okrand ya ɗauko ɗafa-ƙeyar -taH mai nuna ci gaban aiki, ya mai da ita aikatau mai ma'anar ci gaba da wanzuwa. Da aka sake buga ƙamus da ƙari a 1992, sautin nan ɗaya ya zama yana ɗauke da ma'ana biyu, karkatar jirgi da dawwamar rai. Haka yaren ya riƙa girma a shekarun farko, duk inda fim ya ja shi nan yake bi.

A wannan shekara ta 1992 ne abin ya sauya. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Lawrence Schoen, ya kafa Cibiyar Yaren Klingon, wadda ake taƙaita sunanta da KLI, a jihar Pennsylvania. Suka fara fitar da mujalla mai suna HolQeD sau huɗu a shekara, kuma daga 1994 suka fara taron shekara-shekara da suke kira qep'a', wato babban taro. Daga baya wani taron ya kafu a birnin Saarbrücken na Jamus. Mutanen nan ba su tsaya ga haddace layukan fim ba, so suke su yi hira, su rubuta wasiƙa, su yi fassara. Har Hamlet ɗin gaba ɗaya suka fassara, aka buga shi a 1996.

Da mutum ya fara rayuwa a cikin yare, nan take yake cin karo da ramukan da ke cikinsa. Misalin da ya fi shahara shi ne na wani masanin harshe Ba'amurke da ya gwada yi wa ɗansa magana da Klingon zalla tun yana jariri a shekarun 1990, ita kuma uwar tana yi masa Turanci. Yaron ya fara fahimta, amma uban ya tarar yaren ba shi da sunan kayan da jariri ke gani kullum. Ko tebur babu, sai dai ya ce abu mai faɗi. Da yaron ya kai wajen shekara uku ya nuna ba ya so, uban ya haƙura. Yaren da ke da kalmar na'urar ɓoye jirgi daga idon abokin gaba, ga shi ya gaza a tsakar gida.

To me zai hana su ƙirƙiro kalmomin da kansu? A nan ne dokar da ta bambanta Klingon take. Jama'ar yaren sun amince a tsakaninsu cewa sabuwar kalma ba ta zama ta gaskiya sai ta fito daga bakin Okrand. Kana iya haɗa tsofaffin kalmomi ka kewaya ma'ana, amma ba ka da ikon ƙago sabon tushe. Shi kuma Okrand ba ya cewa na ƙirƙira. Cewa yake na tambayi Maltz. Wane ne Maltz? Wani Klingon ne a fim na uku, wanda John Larroquette ya fito a matsayinsa, shi kaɗai ya tsira da rai a cikin ma'aikatan jirginsu, aka kama shi fursuna. Tun a ƙamus na farko Okrand ya nuna cewa daga wurin wannan fursuna yake samun bayanai, har ya zama abin raha cewa yana zaune a ɗakin ƙarƙashin gidansa. Ku tuna mutumin da ya koyi Mutsun daga takardun masu tambayar tsofaffi. Irin wannan aikin ne ya mai da shi wasa: shi mai bincike ne, Maltz ne mai yare, kuma wani lokaci Maltz yakan ce bai sani ba, ko ba ya son magana.

Yanzu mu ga abin da Maltz ya bayar a fannin lissafi, domin a nan ne za ku ga cewa jiran yana da riba. Tun a ƙamus na 1985 an bayyana cewa asalin ƙirgan Klingon a kan uku yake tafiya. Ɗaya, biyu, uku, sai uku da ɗaya, uku da biyu, uku da uku, sai uku biyu da ɗaya, haka har gaba. Daga baya, in ji labarin, suka koma ƙirgan goma don su daidaita da sauran al'ummu masu fasaha. Lambobin su ne wa', cha', wej, loS, vagh, jav, Soch, chorgh, Hut, sai wa'maH goma. Alamar daularsu ma tsini uku gare ta.

A ƙarshen 1999 sai Okrand ya kawo bayanin jihohi, kuma ni a ganina wannan shi ne darasin kusurwa mafi daɗi a yaren baki ɗaya. Mu jihohi huɗu muka sani, gabas, yamma, kudu, arewa, kuma tsakanin kowace da maƙwabciyarta digiri 90 ne. Su Klingon uku ne da su: chan, tIng da 'ev. Mai lissafi zai yi saurin cewa to ai an raba 360 gida uku kenan, 120 kowanne. A'a. Chan ita ce gabas. Daga chan zuwa tIng kimanin digiri 130 ne, daga chan zuwa 'ev ta ɗaya ɓangaren shi ma 130, amma tsakanin tIng da 'ev 100 ne kacal. Haɗa su, 130 da 130 da 100, ka samu 360.

Bari mu ɗora shi a kan kamfas ɗin da muka sani, inda arewa take kan sifili, gabas a kan 90. Chan tana kan 90. TIng tana wajen 220, wato kudu maso yamma. 'ev tana wajen 320, arewa maso yamma. To yamma fa? Ba ta da kalma ita kaɗai. Sai ka haɗa sunayen tIng da 'ev, ka nuna tsakiyarsu, kuma idan ka lissafa tsakiyar 220 da 320 za ka samu 270, wato yamma daidai. Arewa da kudu su ma sai an haɗa kalmomi kafin a kusance su. Dabarar haɗawar ba baƙuwa ba ce ga mai cewa arewa maso gabas, bambancin kawai shi ne abin da muke ɗauka a matsayin tushe, su a wurinsu reshe ne. Akwai ma wani salon magana da ke jera jihohin uku a jimla ɗaya don a ce ko'ina da ko'ina, kamar yadda mu za mu ce gabas da yamma, kudu da arewa.

Ku lura da abin da ya faru a nan. Da kwamiti aka ba aikin, ko da kowane mai magana ya yi nasa, abin da za a samu shi ne kalmomi huɗu da ke fassara na Turanci ɗaya bayan ɗaya. Okrand ya ƙi bin wannan hanya. An tambaye shi kalma, ya ba da tsarin tunani sabo. Haka ya sake yi a shekarar 2000 da ya kawo kalmomin tarawa da ɗebewa. A Klingon, lambobi ƙawance suke ƙullawa. Aikatau ɗin shi ne boq, wanda ke da alaƙa da ƙawancen yaƙi. Idan za ka ce biyu a tara da uku biyar kenan, sai ka ce cha' boq wej, chen vagh, ma'ana uku ya ƙulla ƙawance da biyu, biyar ta samu. Ɗebewa ita ce boqHa', warware ƙawance. Ninkawa kuwa boq'egh, lamba ta ƙulla ƙawance da kanta sau kaza. Ko a darasin lissafi, siyasar yaƙi suke gani.

Sunayen siffofin kansu sun daɗe ba su iso ba. Sai da ƙamus ya yi shekaru masu yawa a kasuwa kafin su fito, ta hanyar tarurrukan nan inda ake miƙa wa Okrand jerin buƙatu ya kai wa Maltz. A haka aka samu tajvaj, kusurwa. Aka samu ra'Duch, alwatika, da meyrI', murabba'i, da letbaQ, siffa mai gefe huɗu wadda tsawonta ya fi faɗinta. Aka samu mey', sunan da ya game duk wata siffa mai gefuna miƙaƙƙu, kuma da ita ake gina sauran: ka faɗi lamba, ka sa reD, gefe, ka rufe da mey'. Kenan vagh reD mey' ita ce siffa mai gefe biyar, kuma da wannan dabara guda mai magana zai iya kiran siffa mai gefe shida ko goma ba tare da ya sake komawa wurin Maltz ba. Irin wannan kyauta ta fi kalma ɗaya daraja, domin ƙa'ida ce da ke haihuwa.

Okrand kuma mutum ne mai son ɓoye barkwanci a cikin kalmomi, masu nazarin yaren suna jin daɗin tono su. Kalmar abu biyu masu tafiya tare ita ce chang'eng, daga Chang da Eng, tagwayen nan 'yan ƙasar Siyam da aka haifa a manne. Kalmar dala, irin ginin nan mai tsini, ita ce 'Impey', wadda in ka furta ta za ka ji sunan I. M. Pei, mai zanen gine-ginen da ya tsara dalar gilashi ta gidan tarihin Louvre a birnin Faris. Yaren mayaƙan taurari, amma cike yake da tarihin 'yan Adam a ɓoye.

Sai dai samun kalmar kusurwa ba ya kashe magana. Mu duba namu harshen mu gani. Muna da kusurwa, ta ɗaki ko ta takarda. Muna da lungu, inda ake ɓuya ko ake ajiye kaya. Muna da saƙo. Muna da kwana, wadda direba ke sha, kuma daga Turanci muka aro ta. Da'ira da murabba'i daga Larabci suka zo mana. Ba wanda ya zauna rana ɗaya ya raba wa kowace aikinta. Magina da direbobi da malamai da teloli ne suka yi ta amfani da su har kowace ta samu gurbinta. Shi mai Klingon, in an ba shi tajvaj, tambayoyi ne ke biyo baya. Kusurwar da ake aunawa da digiri ce kawai, ko har da inda bango biyu suka haɗu? In ina cikin ɗaki da in ina waje, sunan ɗaya ne? Kwanar titi fa? A yaren da ke da miliyoyin masu magana, kasuwa ce ke amsa irin wannan. A Klingon kowace tambaya sai ta hau layi. Har cibiyar KLI ta buɗe wani jeri da ake kira chabal tetlh, jerin buri, inda mambobi ke rubuta kalmomin da suke so, a jefa ƙuri'a, waɗanda suka yi rinjaye a kai wa Okrand.

Wanda ya san tarihin ƙirƙirarrun yaruka zai ce ai wannan tsari ya taɓa kashe wani yaren. A wajen 1880 wani limamin coci Bajamushe, Johann Martin Schleyer, ya fitar da Volapük don ya zama yaren duniya. Cikin shekara goma ya bazu a Turai, da ƙungiyoyi da mujallu, har aka yi babban taro a Faris a 1889. Amma Schleyer ya dage cewa yaren nasa ne, shi ke da maganar ƙarshe a kan kowane gyara. Masana da ke son a sauƙaƙa shi, a ƙarƙashin Auguste Kerckhoffs, suka ja daga, tafiyar ta dare, jama'a suka watse. Da yawansu suka koma Esperanto, wanda L. L. Zamenhof ya fitar a 1887 kuma tun farko ya sallama haƙƙinsa a kansa, ya bar wa masu magana su gina shi.

To me ya sa Klingon bai bi sawun Volapük ba, alhali shi ma mutum ɗaya ke riƙe da mabuɗi? Ni abin da na fahimta abu biyu ne. Na farko, Schleyer shi ya ƙwace ikon, Okrand kuwa ba shi aka yi. Jama'ar ce ta ga cewa in kowa ya ƙago nasa, 'yan tsirarun da ke warwatse a ƙasashe daban-daban ba za su fahimci juna ba. Kuma 'yan tsiraru ne da gaske: marubuciya Arika Okrent, a littafinta na 2009 kan ƙirƙirarrun yaruka, ta ƙiyasta waɗanda suka iya shi sosai ba su wuce ashirin zuwa talatin ba. Na biyu, manufar ta bambanta. Mai Volapük yana son kayan aiki mai sauƙi, don haka duk jinkiri cikas ne gare shi. Mai Klingon yana son ya ji kamar yana gano yaren wata al'umma ne, don haka jiran Maltz yana cikin daɗin abin.

Maganar mallaka ta kai har kotu. A ƙarshen 2015 kamfanonin Paramount da CBS suka kai ƙarar masu shirya wani fim na masoya mai suna Axanar, kuma a cikin abubuwan da suka lissafa a matsayin mallakarsu a 2016 har da yaren Klingon. Wata ƙungiyar masu ƙirƙirar yaruka, Language Creation Society, ta shigar wa kotu takardar shawara, wadda aka cusa wa kalmomin Klingon a ciki, tana cewa yaren da mutane ke magana da shi ya fi ƙarfin a mallake shi. An sasanta ƙarar a Janairun 2017 ba tare da kotu ta yanke hukunci a kan wannan batu ba. Kenan har yau akwai masu riƙe da igiya uku: kamfanin da ya biya kuɗin aikin, masanin da ke ba da kalmomi, da jama'ar da ke raya yaren da bakinsu.

A halin yanzu kalmomin Klingon sun haura dubu huɗu. An yi wasan opera da shi a birnin Hague na ƙasar Holan a 2010, manhajar fassara ta Bing ta sa shi a 2013, Duolingo ta fara koyar da shi a 2018. Mai koyo a yau zai iya cewa alwatika, ya ce kusurwa, ya ce tebur, abin da na farkon shekarun 1990 bai iya ba. Kuma in ka bi jerin kalmomin bisa shekarun da suka fito, kana karanta tarihin masu yaren ne: da farko makamai da umarni, sannan abinci da kiɗa da dangi, sannan lissafi da kimiyya da kayan gida. Fim ya haifi yaren, amma buƙatun mutanen da suka zauna a cikinsa su suka ja shi daga fagen daga zuwa aji da ɗakin girki.

Abin da ya rage shi ne tambayar da jama'ar Klingon ba za su iya kauce mata har abada ba. Okrand ya haura shekara saba'in. Ranar da ya daina amsa tambaya, Maltz ma ya yi shiru kenan. A lokacin zaɓi uku ne a gabansu. Ko su rufe ƙamus su ce abin da aka samu ya isa, yaren ya tsaya cak. Ko su naɗa wani kwamiti ya gaji kujerar, su ɗauki kasadar irin rikicin da ya raba Volapük. Ko kuma su saki igiyar, kowa ya ƙago, amfani ya tace, kamar yadda kowane yare mai rai yake yi, ko da hakan zai sa a rasa irin tunanin da ya ba su jihohi uku masu kusurwa 130 da 130 da 100.

Ku kuma masu sauraro, ga taku tambayar. Idan sabon abu ya shigo kuma ba mu da sunansa, wa kuke ganin ya kamata ya raɗa masa suna, masana a jami'a, ko gidajen rediyo, ko mutanen da ke amfani da shi kullum? Ku rubuto mana ra'ayinku a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba.